Talo-talon Jika Biyu

Cima ta gan shi a Karkada,
bayan dangar gidan likitan dabbobi,
ya kumbura, ya baza jela kamar mafici,
yana jan fiffike a ƙasa, yana taƙama.
Ta shigo ko takalmi ba ta cire ba:
"Baba, shi nake so da Sallah."

Na taya a Kasuwar Dole.
Jika talatin, in ji mai kaji,
bai ma ɗago ya dube ni ba.
Ni kuwa kabu-kabu nake yi,
abin da babur ya kawo, mai ya sha rabi.
Uwarsu na Mirya wankan jego,
ni da murhu gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ran jajibiri bayan la'asar
na tsaya butik ɗin Ɗan Jimma,
na zube jika biyu a kan tebur.
Biskit mai zagaye leda biyu,
dakuwa, tuwon madara,
minti ja da kore da ruwan ɗorawa,
ƙaramin gwangwanin madara mai kauri.
Ya ce, "Baƙi za ka yi?"
Na ce, "Kiwo zan fara."

Muka baje tabarma a tsakar gida.
Biskit ɗaya kwance, nan zai tsaya,
ɗaya tsaye, ita ce jela,
dakuwa a gaba ta zama ƙirji,
madara ta kama su, ba allura ba zare.
Cima na jera minti a bakin jela,
ja, kore, ja,
lissafi ya kwance mata, ta lashe yatsa ta sake.
Kai kuwa tuwon madara muka murza,
ido kanumfari,
baki ɓarin gyaɗa.
Saura jan leɓen nan mai reto a wuya.
Muka yi shiru, muka dubi juna,
sai Lawali ya jawo kwalbar zoɓon uwarsu.

Na farko ya fito kamar agwagwa mai mura.
Na biyu ya kife, jela ta danne kai,
Lawali ya ce shi zai yi masa sutura,
ya buɗe baki.
A na huɗu hannu ya faɗa.
A na bakwai wuta ta ɗauke,
na juyo da babur, na kunna fitila,
inuwarsu ta hau bango,
manya-manya, kowane ya fi na likita.

Sha ɗaya muka ƙirga.
Na jera su a faranti,
faranti a cikin tasa mai ruwa,
don kiyashin gidan nan ba ya azumi.

Da muka sauko daga idi
sha ɗaya suna nan, ɗaya ba kai.
"Yanka na yi, Baba,
har bisimilla na yi."
Me zan ce? Yaro ya bi ƙa'ida.

Yaran unguwa suka shigo barka da Sallah,
suka tsaya cirko-cirko kan faranti,
ba wanda ya tuna da dala biyar ɗinsa.
Cima ta raba kamar mai rabon gado,
ta ɓoye ɗaya a gwangwanin madara:
"Wannan na Inna ne da jaririya."

Washegari muka ɗauki hanyar Mirya,
Lawali a tanki, Cima a baya
ta rungume gwangwani da hannu biyu.
Rana ta yi nata, ramuka suka yi nasu.
Da aka buɗe, jela ta kwanta,
minti ya zubar da launi,
ido ɗaya ya koma ƙirji.

Uwarsu ta juya shi a tafin hannu,
ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Kai, wannan zabuwa ta yi kyau."
Cima ta dube ni.
Na ce, "Hanya ce ta ramar da shi."